Ƙwayar karatu ta shigo gidana, iyaye a saurare ni

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana da iyayen da suka turo 'ya'yansu karatu Amurka, da masu shirin turowa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a birnin New York, shekarata 16 a nan.

Ɗan yayana, wanda nake ce wa Babana saboda sunan mahaifinmu ya ci, yana karatun injiniya a wata jiha. Hutun Disamba ya zo wurina. Na tuƙa masa tuwon shinkafa da miyar kuka, abin da a da sai ya suɗe kwano, amma loma uku ya yi ya janye hannu. Wuyansa ya zurma, ya ƙara wa bel ɗinsa huda. Ƙarfe uku na dare na taso daga aiki na same shi yana safa da marwa a falo, ido a bushe. Ranar da zan yi wanki na zazzage aljihunsa, sai ga ƙwayoyi shida masu ruwan lemo a ƙunshe cikin takarda.

Na zaunar da shi na riƙe hannunsa. Yaro yana zaune, bai ɗauki ko tsinke ba, zuciyarsa tana bugawa sau 118 a minti ɗaya.

Ya ce, "Gwaggo, wallahi ba shaye-shaye nake ba. Maganin karatu ne, likita ne ya rubuta."

Na ce, "Wa ya rubuta wa, Babana?"

Ya sunkuyar da kai. Abokin ɗakinsa aka rubuta wa.

Sunan maganin Adderall. Shi da 'yan uwansa Ritalin da Vyvanse ana ba masu larurar rashin tattara hankali, wadda ake kira ADHD, kuma ga wanda likita ya duba magani ne mai amfani. Amma Adderall amfetamin ne, wato sinadari mai zaburar da ƙwaƙwalwa. Dokar Amurka ta sa shi a rukuni ɗaya da hodar iblis saboda yadda yake kama mutum. Yana kashe yunwa, ya kori barci, ya ɗaga hawan jini. Wanda ya zarce yakan fara zargin kowa, har ya riƙa jin maganar da babu mai yin ta. Miƙa wa wani ko da ƙwaya ɗaya babban laifi ne a nan, riƙe ta ba takardar likita ma laifi ne, kuma ɗalibin da ya zo da biza yana iya rasa karatun da zaman ƙasar gaba ɗaya.

Abin da ya hana ni barci shi ne, biyu daga cikin shidan ba daga abokin suka fito ba, a intanet ya saya. Tun 2021 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka take gargaɗi kan jabun ƙwayoyi masu kama da na gaske sak, alhali an cusa musu fentanil, wanda ɗan ƙanƙaninsa yake tsayar da numfashi. A watan Mayun 2022 ɗalibai biyu na Jami'ar Jihar Ohio suka rasu, jami'ar ta fito ta ja kunnen ɗalibanta kan jabun Adderall. Ni da nake ganin waɗanda ake kawowa a sume, na san ba a rarrabe jabu da ido.

To karatun da ake shan ta dominsa fa? A 2023 masu bincike a jami'o'in Melbourne da Cambridge sun ba mutum 40 masu lafiya irin waɗannan magunguna, suka sa su warware matsala mai sarƙaƙiya. Sun ƙara daɗewa, sun ƙara wahala, amma aikin bai fi kyau ba, sai ma ya ragu. Mutum yana jin kansa zakara, alhali wahalar ce kawai ta ƙaru. Kuma a cikin barci ƙwaƙwalwa take adana abin da aka karanta. Wanda ya kwana uku ido biyu yana ɗibar ruwa da kwando ne.

Mu a gida idan aka ce ɗan ƙwaya, hankalinmu yana tafiya ga mai jan ido a bakin tasha, mai tiramol da kodin. Babana ba ya fashin salla, bai taɓa riƙe sigari ba, shi ne yaron da ake kafa misali da shi a dangi. Shi ya sa aka yi wata takwas ba wanda ya lura. Da na tambaye shi dalili sai hawaye: "Gwaggo, kin san gonar da Baba ya sayar. Duk ranar da ya kira, sakamako yake fara tambaya. Da wane baki zan ce masa darasi ɗaya ya fi ƙarfina?"

Wannan maganar ta soke ni, don ni ma haka nake gaishe shi: yaya karatu, nawa ka ci? Ban taɓa tambayarsa awa nawa yake barci ba, ko me ya ci da rana. Ina roƙon iyaye su fara da waɗannan. Idan kun kira ta bidiyo ku dubi wuyan yaro da idonsa. Ku faɗa masa da bakinku cewa in ya faɗi darasi ya maimaita, ba za ku juya masa baya ba. Wanda kuma yake ganin yana da larurar da gaske, ya je likita ya duba shi, kada ya karɓa a hannun aboki.

Na kai Babana wurin likita. Makon farko barci ya yi ta yi, ga ƙunci, ko magana ba ya so. A mako na uku ya nemi ƙarin tuwo. Mun kira Yaya tare, ni na fara magana. Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, sannan ya ce a ba shi yaron. Wannan zangon darussa huɗu Babana ya ɗauka maimakon shida, kuma mahaifinsa ne ya ce ya rage.

Na gode, Edita.

Wata ma'aikaciyar jinya,
New York, Amurka