Nas a Majalisar Dokokin Jiha: ainihin aikinta yana cikin kasafin kuɗi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana da 'yan uwanmu ma'aikatan jinya masu harin kujerar Majalisar Dokokin Jihar Kaduna, da kuma masu zaɓensu a Zariya Birni, Kewaye, Sabon Gari da Basawa.

Sharaɗin shiga ba shi da tsauri. Sashe na 106 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya nemi ilimin sakandare, da jam'iyyar da za ta tsayar da mutum, da shekara 25, tun gyaran 2018 da ya rage daga 30. Tarkon yana sashe na 107: ma'aikaciyar gwamnati sai ta bar aiki kwana 30 kafin ranar zaɓe. Murabus, janyewa ko ritaya kundin ya ambata. Wadda ta dogara da hutu ba albashi ta buɗe wa abokin hamayyarta ƙofar kotu. Ta adana kwafin takardarta mai hatimi da kwanan watan karɓa.

In ta ci, ta zama ɗaya cikin 'yan majalisa 34 a Lugard Hall, inda majalisar ke zama. Abu na farko shi ne ta nemi shiga kwamitin lafiya, domin takardar jinya ba ta kai mutum can sai da kamun ƙafa wajen shugabannin majalisa. Ta kuma san iyakarta. Asibitin Koyarwa na Shika na Gwamnatin Tarayya ne, majalisar jiha ba ta da iko a kansa. Huruminta shi ne asibitocin jiha irin na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, da ƙananan asibitocin mazaɓu 255, da hukumar lafiya a matakin farko, da KADCHMA mai kula da asusun taimakekeniyar lafiya.

A wajen kasafi ake gane ko zaɓen nas ya yi amfani. Yarjejeniyar Abuja ta 2001 ta nemi a ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari, amma warewa daban, sakin kuɗi daban, kashewa kuma daban. Ranar da ma'aikata ta zo kare kasafinta, nas ta riƙe rahoton aiwatar da kasafin bara, ta bi layi-layi: nawa aka rubuta wa magunguna, nawa suka fito, a wane wata? Kuɗin maganin zazzaɓin cizon sauro da aka saki a Disamba bai yi wa yaran damina komai ba. Haka asusun da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa da aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya: ta tambayi ko jiha ta zuba nata kason, kuma ko kuɗin suna isa asusun kowane ƙaramin asibiti.

Sashe na 128 da na 129 sun ba majalisa ikon bincike da kiran kowa ya zo da takardu. Sai dai ziyarar da aka sanar mako guda kafin lokaci, shara da farin fenti kawai take gani. Nas ta je ɗakin haihuwa bayan Isha'i. Ta buɗe firiji ta duba allurar oksitosin, wadda ake yi wa mai jego don tsayar da jini, mai son sanyin maki 2 zuwa 8 a ma'aunin Celsius. In zafi ya kashe ƙarfinta, za a yi wa mai jego allura amma jini ya ci gaba da zuba. Ta ƙirga magnesiyam salfet, maganin jijjigar masu ciki: mai jijjiga tana cin giram 14 a zubin farko kaɗai. Ta karɓi jadawalin aiki ta gwada da fuskokin da ke wurin. Asibitin da aka ce yana aiki awa 24 da ungozoma biyu, a takarda yake yi, domin safe da yamma da dare da mai hutu mutum huɗu ne. Ɗan majalisar da bai taɓa kwana da mai naƙuda ba, ba zai san ya tambayi waɗannan ba.

Abin da ke cinye irin wannan 'yar majalisa, mu ne jama'a. Ƙofar gidanta kan cika da masu takardar magani tun asuba, sai ta koma shirya duba marasa lafiya kyauta na yini ɗaya. Wallahi muna jin tausayin mabuƙata, amma mai hawan jini da aka ba ƙwayar mako biyu, ina zai nufa a mako na uku? Da kuɗin ta biya wa mutane rajistar KADCHMA, da sun sami kulawar shekara. Ga shi majalisa tilas ta zauna kwana 181 a shekara, wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku ba dalili kuma kujerarsa na cikin haɗari.

Ƙudiri ma ba a kai shi da zafin rai. Gwamna yana da kwana 30 ya sa hannu. In ya ƙi, sai da ƙuri'a 23 za a tsallake shi. Saboda haka ta zauna da ma'aikatar lafiya da ta kuɗi kafin karatu na biyu.

Muna roƙon jaridarka ta riƙa buga abin da aka saki wa ɓangaren lafiya duk wata uku, a Hausance, domin masu zaɓe su sami abin tambayar wakilansu.

Wassalam.

Wasu ma'aikatan jinya da ungozomomi masu ritaya,
Tudun Wada, Zariya.