Auna zafin gajimaren litiyom

Damagaram

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Mu nan bazara ta kankama.

Ka ce ba ka gane yadda ake auna zafin iskar litiyom-6 ba, wato gajimaren atam na wani nau'in sinadarin litiyom. Da farko ana kama atam ɗin da hasken leza mai tsawon zango nanomita 671, a mai da su tarkon haske, a riƙa rage zurfin tarkon, atam masu zafi suna tserewa, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Haka za su sauko ƙasa da maikirokelbin ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na digiri sama da ƙarshen sanyi. Sai a tsai da ƙarfin maganaɗisu a gaus 832 (gaus shi ne ma'aunin ƙarfinsa). A nan atam ke cuɗanya iyakar abin da dokar kwantam, wadda ƙananan abubuwa irin su atam ke bi, ta yarda, kuma cunkoso da zafi kaɗai ke juya lamarin.

To nan gizo ke saƙa. In cuɗanyar mai rauni ce, sakin tarko ake yi a duba saurin bazuwa. A wannan hali kuwa bazuwar ruɗi ce, don ƙarfin cuɗanyar ya shiga cikinta. Mutanen masanin kimiyya Salomon a Paris, a 2010, sun barbaɗa wani nau'in litiyom mai raunin cuɗanya, litiyom-7, kaɗan a ciki, shi ya zama ma'aunin zafi.

Ni dai dabarar mutanen masani Zwierlein na jami'ar MIT a Amurka, ta 2012, ta fi kwanta min. Tarkon kamar ƙwarya yake: tsakiya a cushe, baki sakayau. Hoto guda na nuna cunkoso a kowane zurfi. In ka tara cunkoson daga baki zuwa ciki, ka sami matsi. In ka duba saurin canjinsa, ka sami yadda iskar ke matsuwa. Ba ruwanka da ma'aunin zafi. Da haka suka ga iskar ta koma ruwa marar tirjiya, mai gudana ba abin da ke rage masa gudu, a 0.167 na zafin Fermi (mizanin zafi da ake lissafawa daga cunkoson atam), kuma makamashinta a ƙarshen sanyi 0.376 ne na iskar da ba ta cuɗanya. Su a gaus 834 suka yi aiki. Da awon 2013 ya nuna 832 ne daidai, adadin 0.376 ya koma 0.370.

Ka kula da hasken ɗaukar hoto. In ya yi ƙarfi, atam na ƙoshi su daina sha, ƙirga ya gaza, komai ya karkace. Lissafin matsuwa kuma yana kumbura ƙaramin kuskure, dole a haɗa hotuna da yawa, a kuma san siffar tarkon sarai.

Ka gaida mutanen gida. Ina jiran amsarka.

Naka har kullum.