Kafin a raba mu da jirgin katako, a dubi ɓuntun shinkafa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan kiran da ake ta yi na a bar kwale-kwalen katako a koma na faiba, musamman tun bayan hatsarin jirgin ruwa na Bagwai a 2021. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ni mai facin jirage ne da tankunan ruwa a yankin Hadeja, kuma ban ƙi kiran ba. Sai dai masu yinsa suna magana kamar faiba ba ta da lalura.

Tana da ita. Jikin jirgin faiba zaren gilashi ne da ake shimfiɗawa hawa-hawa, ana shafe shi da gam ɗin da muke kira rezin, kamar dai ciyawa a cikin kwaɓin ƙasar gini. Zaren da wuya ya tsinke. Gam ɗin ne rago: rana ta gasa shi, jirgi ya daki kututture, sai ya yi tsaga siririya wadda ido ba ya gani. Ruwa ya bi ta nan, hawa ya rabu da hawa. Ka ƙwanƙwasa wurin ka ji yana amsa kuwwa, alhali fenti na nan ƙal. Katako ko ba komai yana nuna maka ruɓarsa.

Ɗan ƙanena da ke karatun injiniya a Jami'ar Bayero ya ce an daɗe da gano dabarar rage wannan. Ana zuba wa gam ɗin wani gari mai tsananin laushi, wanda ake auna ƙwayarsa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Idan tsaga ta taso sai ta ci karo da ƙwayoyin ta karkace ko ta tsaya, ruwa ma sai ya yi dogon zagaye kafin ya ratsa. Kamfanin Toyota ya yi haka da wani irin yumɓu a cikin roba tun wajen 1990. Kuma kaɗan ake sawa, galibi bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba. In an zarce sai ya dunƙule, gam ya yi kauri ya ƙi shiga zaren, aikin ya fi na da lalacewa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne ɗaya daga cikin irin garin nan silika ce, wato sinadarin da ya fi yawa a cikin yashi, kuma tokar ɓuntun shinkafa kusan kashi 90 cikin ɗari silika ce. Ɓuntun da muke tarawa tsibi-tsibi a bayan injinan casa daga Auyo har Kura, muna cinna masa wuta, hayaƙi na damun mutane!

Kada wani abokin sana'a ya ji wannan ya ɗebo toka daga murhu ya zuba a rezin. Sai an wanke ɓuntun da sinadari, an ƙona shi a zafin da aka auna, an kuma sami na'urar da za ta warwatsa garin. Ƙurarsa ma tana cutar da huhu.

Wannan aikin jami'o'inmu ne, ta Dutse da ta Kafin Hausa da ta Bayero. Su haɗa samfuri, su ba mu mu gwada shi a ruwan Hadeja damina guda. Gwamnati kuma, duk jirgin da za ta raba, ta haɗo da rezin, da zaren faci, da wanda zai koya wa matasanmu gyara.

Naku,
Mai facin jirage,
Ƙaramar Hukumar Guri, Jihar Jigawa