Ajinmu na Bakin Fadama

Sakkwato,
18 ga Nuwamba.

Zuwa ga aminina Malam Kabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso, kuma na karanta bayanin da ka yi game da makarantar su Hafsatu a can Landan, wadda take fita da yara zuwa kurmi rana ɗaya a kowane mako, ko ana ruwa ko ana sanyi. Ka ce daga Denmak tsarin ya samo asali kafin Ingila ta ɗauke shi a shekarun 1990, sannan ka tambaye ni ko zai yiwu a wurinmu, da abin da ya kamata ka aiko mana. Yana yiwuwa, har ma mun fara gwargwadon hali, sai dai ba da siffar da ka gani a can ba. Mu ba kurmi gare mu ba. Fadama gare mu, da fako, da rana mai ƙarfi, da dattawan da suka san sunan kowane tsiro da amfaninsa, kuma a ganina waɗannan sun ishi malamin da ya san abin da yake nema.

Abu na farko da ke hukunta mu shi ne yanayi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin fita mai nisa, domin da zarar Maris ya kama zafi yakan haura digiri 40, kuma babu mai hankalin da zai ja yara cikin ranar bazarar Sakkwato bayan hantsi. A waɗannan watanni na zafi ba ma wuce harabar makaranta, amma a nan ɗin ma akwai aikin yi. Mun kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a tsakar fili, kowace rana yara biyu suna auna inuwarta da tsakar rana suna rubutawa a littafin aji. Da yake garinmu yana wajen digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya gida biyu, rana takan tsaya daidai bisa kanmu sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma tsakiyar Agusta, sai inuwar ta shige ƙarƙashin sandar kamar babu ita. Tsakanin waɗannan lokuta biyu inuwar azahar kudu take faɗuwa, sauran shekara kuwa arewa. Ban gaya musu wannan ba; su suka gano shi a cikin rubutunsu, suka zo suna gardama a kan ko wani ne ya juya sandar. Malamin Islamiyya ya shigo cikin maganar, ya nuna musu yadda ake gane shigar la'asar idan inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar zawali, ta haka lissafi da fiƙihu suka haɗu a gindin sanda ɗaya.

Akwai kuma gawon nan da ke bayan katangar makaranta, wanda kowane ɗan aji huɗu yake zana shi sau ɗaya a wata. Ka san halinsa: da damina, lokacin da kowace bishiya take kore shar, shi sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara, da rani kuma ya yi lif. Wani yaro ɗan manomi ne ya bayyana wa 'yan'uwansa dalilin da ya sa ba a sare gawo a gona, cewa ba ya tare wa gero rana a lokacin da geron ke bukatarta, ganyen da ya zubar taki ne, dabbobin da ke hutawa a inuwarsa da rani suna cin 'ya'yansa suna barin kashinsu a wurin. Abin da na ƙara masa kawai shi ne cewa saiwarsa tana ƙara wa ƙasa sinadarin da muke saye da tsada a buhun takin zamani. Wannan yaro a cikin aji ba ya buɗe baki, kuma ba ya cikin masu zuwa na ɗaya zuwa na goma, amma a ranar shi ne malami.

Fitar da ta fi kowace armashi ita ce ta fadamar Kwalkwalawa, a kan hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Za ka tuna yadda ambaliyar Gulbin Rima ta shekarar 2010 ta yanke wannan hanya ta raba jami'ar da gari. Yaranmu ba a haife su ba a lokacin, saboda haka nakan tsayar da su a wurin su dubi faɗin kwarin, su yi tunanin yawan ruwan da zai iya cika shi. Akwai wani dattijo masunci da yake karɓar mu idan mun je. A ranin bara ya kai mu wani tafki da ya ƙafe har laka ta tsattsage, ya riƙa dube-dube a ƙasa, ya tsaya a wani ɗan rami da bai fi shigar yatsa ba, ya sa fartanya ya haƙa a hankali, ya ɗago curin laka. Da ya ɓare shi sai ga gaiwa a naɗe, wutsiya a kan fuska, cikin wani siririn kwanso kamar busasshiyar fata. Yaran suka ce ta mutu. Ya ce a kawo ruwa a roba, ya saka ta, bayan ɗan lokaci ta warware jiki ta fara motsi, ta ɗago baki sama ta shaƙi iska. Wata yarinya ta ce, "Baba, me take ci a cikin ƙasa?" Ya ce ba ta cin komai, jiran damina take yi. Daga nan na sami ƙofar yi musu bayanin kifin da ke da huhu, wanda yake rage aikin jikinsa har ya yi watanni babu ci babu sha. Na sha karantar da numfashin dabbobi a allo, amma ban taɓa ganin aji ya yi tsit irin na wannan rana ba.

Akwai abin da na tabbata zai ba ka mamaki, domin mu a zamaninmu babu wanda ya faɗa mana shi. Farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi tun 1967 ragowar ƙasan teku ne. Kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce wani reshen teku ya ratso ta Sahara ya rufe wannan yanki, kuma har yau ana samun siffar katantanwa da sauran halittun ruwa a jikin dutsen. Mahaifin wani ɗalibinmu ya kawo mana gutsattsarinsa, yara suka wanke su da tsohon buroshin haƙori, sai ga naɗin katantanwa ya fito sarai a tafin hannun yaron da bai taɓa ganin teku ba. Na kuma gaya musu cewa a duwatsun yankin Goronyo an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa mai jan ciki da ta rayu a zamanin dinoso, wato manyan dabbobin nan na da da suka ɓace daga duniya, wadda masana daga Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972. Yaran da iyayensu suka fito daga can har yau ba su daina yi wa saura alfahari ba.

Kada ka ɗauka abin babu wahala. Wasu iyaye sun same ni da cewa sun kawo ɗansu boko ne don ya tsere wa fartanya, ba don a mayar da shi fadama ba, kuma ban ga laifinsu ba, domin sun san wahalar da suke gudar masa. Abin da ya fi saukar da su shi ne ganin littafin yaron, da awo da zane da jimlolin da ya rubuta da kansa. Iyayen 'yan mata kuwa ba sa yarda sai da malama a cikin tafiyar, wannan ma daidai ne. Ga kuma halin tsaro da ka sani a gabashin jiha, wanda ya sa Goronyo da madatsar ruwanta sai dai a labari. Ba ma wuce inda za mu je mu dawo kafin azahar. Doka mafi tsanani ita ce babu mai shiga ruwan kwance, saboda tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga ƙananan katantanwa ta huda fata ta shiga jiki, bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. Babu kuma mai ɗaga dutse ko sa hannu a rami, saboda kunama da kububuwa. Ajin da ya cika maƙil dole a kasa shi, a fita da rabi yau, rabi wani mako.

Game da abin da za ka aiko, ina roƙonka ka bar littattafan can, domin itatuwa da dabbobin da ke cikinsu yaranmu ba za su taɓa haɗuwa da su ba, alhali kuka da aduwa da magarya da bagaruwar da majemanmu ke jeme fatar jan akuya da ita suna ƙofar gida babu wanda ya rubuta musu komai a kansu. Ni da wasu malamai mun fara tattara sunayen da bayanin dattawa a rubuce. Idan da hali, ka samo mana ƙananan madubai masu ƙara girman abu, na roba waɗanda ba sa fashewa, da ma'aunin zafi guda biyu. Ma'aunin ruwan sama mun yi namu da gorar roba da rula.

Sai wata alfarma. Ranar 21 ga Maris, lokacin da dare da rana suke daidaita, ka sa Hafsatu da ƙannenta su kafa sanda mai mita ɗaya a miƙe, su auna inuwarta a daidai lokacin da ta fi gajarta, mu ma za mu auna tamu. A lissafina tamu za ta kai santimita 23, taku kuwa wajen 126, idan gajimaren ƙasarku ya bari rana ta fito. Ina so yaran su yi musayar sakamakon da hannunsu, sannan mu bar su su nemo dalilin bambancin kafin mu ce komai.

Ka gaida mai ɗakinka da yara da kyau. Hajiya tana gaishe ka, tana kuma tambayar ko za ku zo hutun babbar Salla. Allah Ya bar zumunci.

Wassalam.

Naka amini,
Umaru