Da safe garau nake, da yamma ko ido ba na iya buɗewa, maigidana ya ce son jiki ne

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a sakaya sunana. Shekaruna 29, aurenmu shekara 5 kenan, muna da yarinya ɗaya.

Ciwon nan nawa da fatar idona ta dama ya fara, wajen shekara biyu baya. Ina zaune da yamma sai ta riƙa saukowa kamar mai gyangyaɗi, in na kalli waya na ga rubutu bibbiyu. Na ɗauka gajiya ce. Sai ya gangaro hannu, ina taje kan yarinyata ko rabi ban yi ba hannun zai sauko da kanshi kamar an ɗaura mai dutse. Cin abinci ma loma biyar ɗin farko lafiya lau, daga nan muƙamuƙi ya ƙi, sai na tallafe haɓata da hannu nake ƙarasawa, akwai ranar da na kurɓi ruwa a gaban baƙi ya fito ta hanci, wallahi Anti da ƙasa za ta tsage da na shige.

To abin da ya fi cin raina shi ne da safe ba abin da ke damuna. Maigida zai fita ya bar ni ina shara ina waƙa, ya dawo da daddare ya tarar da ni a yashe ido ɗaya a rufe, murya ta hanci kamar mai mura. Rannan ya tsaya a kaina ya ce “wai ke ciwon naki sai na dawo yake tashi ne?” Har yau maganar nan tana min zafi, kuma tsakani da Allah ni ma da wata na gani haka da ban yarda ba.

Na yi yawon asibiti, nan a ce ƙarancin jini, can a ce damuwa ce, a wani wajen aka yi min allurar jentamaisin, sai da na kwana uku ko kaina ba na iya ɗagawa daga filo. Sai da Allah ya haɗa ni da likitan jijiyoyi. Ƙanƙara kawai ya naɗe ya ɗora min a kan idon minti biyu, yana cirewa idon ya buɗe tar. Aka ɗebi jini, sakamako ya fito, ya ce sunan ciwon mayastiniya girabis. Yadda ya min bayani, garkuwar jikina ce ta rikice take kai hari daidai mahaɗar jijiya da tsoka, wurin da tsoka ke karɓar saƙo, shi ya sa in na yi ta aiki da ita saƙon yake raguwa, in na huta ya dawo. Ya ce ba a ɗauka wajen wani, kuma an fi ganinshi a mata ’yan ƙasa da 40 da maza da suka haura 60. Ya rubuta min magungunan da zan guje wa, har da waccan allurar, da maganin ƙwayoyin cuta na sifuro, da kwinin da kulorokwin. Takardar tana jakata duk inda zan je.

Yanzu ina shan wani magani Mestinon, minti talatin zuwa arba’in bayan na haɗiya sai na dawo mutum, amma awa uku zuwa huɗu ya sake ni, ga murɗar ciki da yawan miyau. An ƙara min firedinisolon, ya taimaka gaskiya, sai dai ya kumbura min fuska, shi kenan dangin miji suka samu abin faɗa, wai ga ki kin yi ɓul-ɓul wane irin ciwo kuma. Yayata ta ce na watsar da firedinisolon ɗin, likita kuma ya ja min kunne cewa ba a tsayar da shi lokaci ɗaya, a hankali ake ragewa.

Ga inda gizo ke saƙar Anti. Hoton ƙirji ya nuna wata kaluluwa da ke bayan ƙashin ƙirji, tayimos suke ce mata, ta fi yadda ya kamata girma. Alhamdulillahi ba ƙari ba ne, don ya ce cikin masu ciwon nan 100 ana samun 10 zuwa 15 da ƙari a wurin. Shawararshi a yi tiyata a cire ta, ya ce binciken da aka fitar a 2016 ya nuna waɗanda aka cire wa sun fi samun ƙarfi kuma sun rage shan firedinisolon, amma bai ɓoye min ba, sauƙin ba nan take yake zuwa ba, yana iya ɗaukar watanni ko fiye da shekara, kuma ba lallai ciwon ya tafi gaba ɗaya ba. Ni na yarda. Tun daren da na kwanta numfashi ya nemi gagarata sai a zaune na ga asuba, na san abin nan ya wuce ido, likita ma ya ce in ya sake faruwa kar na jira gari ya waye.

Shi kuma maigida ya ce ba wanda zai taɓa ƙirjin matarshi a kan abin da barci ke warkarwa. Abin da yake so na sake haihuwa, Hajiyarshi ma kullum maganar kenan. Likita bai hana ni haihuwa ba, cewa ya yi na bari ciwon ya lafa tukuna, don allurar maganiziyam da ake yi wa masu jijjigar ciki haɗari ce gare ni, kuma jaririn ma yana iya zuwa da kasala ta ’yan makonni kafin ta wuce.

Ba mugu ba ne Anti, shi ke sayo maganin, bai taɓa bari ya yanke ba. Yarda ce kawai bai yi ba, kuma sau uku ina roƙonshi ya raka ni ya ji daga bakin likita yana ce min aiki. Na kai maganar wajen Babana, ko hakan zai zama na kai ƙararshi? Ko na samu amininshi a ɓoye ya lallashe shi? In duk ya ƙi, laifi ne na sa hannu da kaina tunda jikina ne? Saura mako biyu na koma asibiti kuma likita ya ce na zo da amsa.

Ƙanwarki mai sauraronki kullum.