Wasiƙa daga Denver kan Farashin Kwatabak

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ka miƙa gaisuwata wurin Baba, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara kankama.

Saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi ƙwarai da ka ce ƙwallon Amurka ya kama ka har kana hana idonka barci. Ka ce a ganinka duk abin da aka biya a kan kwatabak, wato ɗan wasan da ke jagorantar hari yana jefa ƙwallo, bai yi tsada ba, tunda ƙungiyar Los Angeles Rams sun ba da abin da suka bayar suka ɗauko Matthew Stafford, kuma kofi ya biyo baya. A nan kam ban bi ka ba, mutumina.

Ka saba da ƙwallon Turai, inda mai kuɗi zai zube miliyoyi ya ɗauki wanda yake so. A NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ba a sayen ɗan wasa da tsaba. Ƙungiyoyin 32 duk an yanka musu iyakar albashin da za su biya a shekara, saboda haka abin cinikin shi ne gurbin zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'i. Ana yin zaɓen duk watan Afrilu, zagaye bakwai, wadda ta fi shan kashi ita ke fara ɗauka, zakara kuma ita ce ƙarshe. Tun farkon shekarun 1990, zamanin koci Jimmy Johnson, mutanen Dallas Cowboys suka tsara jadawalin da ke sa wa kowane gurbi maki: na 1 maki 3,000, na 10 maki 1,300, na 32 maki 590. Har yau da shi ake fara taya ciniki, duk da cewa wasu masana biyu, Cade Massey da Richard Thaler, sun nuna tun 2005 cewa ƙungiyoyi suna tsauwala wa guraben sama daraja.

Ni abin da ke damuna daban ne. Jadawalin yana auna gurbin da aka san lambarsa, alhali yawancin abin da ake bayarwa a cinikin kwatabak gurbin baɗi ne, wanda babu mai sanin lambarsa sai an gama kakar wasa. Kamar manomi ne da ya ci bashi a kan zai biya da rabin abin da ya noma, sai dai a nan abin a juye yake: idan damina ta yi kyau ka biya kaɗan, idan ta lalace a lokacin ne bashin yake ninkuwa. Mai saye kullum yana lissafi a kan cewa sabon kwatabak zai kai shi gaba, don haka gurbin zai faɗa can ƙasa. Ba ya lissafa ranar da abin zai ƙi.

Dubi Stafford ɗin naka. A Janairun 2021 Rams suka ba Detroit kwatabak ɗinsu Jared Goff da guraben zagayen farko biyu da ɗaya na zagaye na uku. Suka ci kofi a Fabrairun 2022, na farko cikin guraben da suka bayar ya zama na 32, mafi araha a zagayen. Wannan riba ce, ba na musu. Amma a kakar da ta biyo baya suka ci wasa 5 suka faɗi 12, gurbi na biyu ya zama na 6. Detroit ta juya shi ta samo Jahmyr Gibbs da Sam LaPorta, Goff ɗin da aka ɗauka gyara ne a cinikin kuma ya kai su wasan kusa da na ƙarshe. Kofi ya rufe wa Rams komai. Da sun faɗi wasan ƙarshen nan da Cincinnati da suka ci 23 da 20, da yau wani labarin ake bayarwa.

Yanzu ga namu, wanda har yau yake min ciwo. A Maris 2022 Broncos, ƙungiyarmu ta Denver, suka ɗauko Russell Wilson daga Seattle, suka ba da guraben zagayen farko biyu, na zagaye na biyu biyu, da 'yan wasa uku. Garin nan ya ɗauka da murna, rigarsa mai lamba 3 ko'ina ka duba, a kanti, a tashar jirgin ƙasa, har a jikin jarirai. Bai buga wasa ko ɗaya ba aka ƙara masa kwantiragin shekara biyar a kan dala miliyan 245. Kaka ta ƙare da ci 5 faɗuwa 12, an kori koci tun ba a gama ba. Daren zaɓen 2023 muna zaune a falon wani maƙwabcina, an cika tebur da abinci, sai aka kira gurbi na 5, sunan Seattle a allon talabijin, a ƙasansa da ƙananan haruffa an rubuta cewa daga Denver ya fito. Suka ɗauki Devon Witherspoon. Babu wanda ya ce uffan, mai gidan ya tashi ya shiga kicin. Wahalar shekara guda mu muka sha, ladan ya tafi Seattle. A Maris 2024 aka sallami Wilson, ya bar wa ƙungiyar nauyin dala miliyan 85 a lissafin albashi.

Carolina ta fi mu shiga uku. A 2023 ta hau gurbi na 1 don ɗaukar kwatabak Bryce Young, ta haɗa wa Chicago da gurbinta na baɗi da ɗan wasanta DJ Moore. Ta ci wasa 2 kacal cikin 17, gurbin ya zama na 1 a 2024, Chicago ta ɗauki Caleb Williams da shi.

Akwai kuma biya na biyu da mutane ke mantawa. Tun yarjejeniyar 2011 tsakanin NFL da 'yan wasa albashin sabon ɗan wasa a ƙayyade yake: Sam Bradford ya samu kwantiragin dala miliyan 78 a 2010, Cam Newton da ya biyo shi a gurbi na 1 a 2011 ya samu miliyan 22 a shekara huɗu. Ke nan kowane gurbi dama ce ta samun gwani da araha na tsawon shekaru. Wanda ya sayi tsohon kwatabak ya rasa waɗannan yara masu araha daidai lokacin da babban albashi ya cinye masa wuri. Cleveland ta ba da guraben farko uku a kan Deshaun Watson, ta kuma lamunce masa dala miliyan 230 gaba ɗaya, ba ta da hanyar fita ko ta ina.

Kada ka ɗauka ina cewa a guji ciniki. Kansas City ta tashi daga gurbi na 27 zuwa na 10 a 2017 ta ɗauki Patrick Mahomes, ta ba da gurbinta na baɗi. Amma lokacin ƙungiya ce da ta ci wasa 12 a kakar da ta wuce, tana da gogaggen kwatabak Alex Smith a fili, yaron ya zauna shekara guda yana koyo, gurbin da ta bayar kuma na 22 ya zama. Don haka duk cinikin da ka ji an yi, ka cire sabon kwatabak ɗin daga lissafi, ka tambayi kanka wasa nawa ƙungiyar za ta ci ba shi. Wannan amsar ita ce lambar gurbin da ya kamata a sa a sikeli.

Mu dai a 2024 da gurbinmu na kanmu, na 12, muka ɗauki Bo Nix, kuma a shekararsa ta farko muka shiga wasannin neman kofi bayan shekaru takwas muna kallo daga waje. Ka nemi wasanninsa ka duba yadda yake sakin ƙwallo da wuri, ka faɗa min ra'ayinka a wasiƙa ta gaba. Kuma ina so in ji wace ƙungiya ka tsayar, don na lura zuciyarka ta karkata Detroit.

Ka gaida mutanen majalisa duka, da ƙannenka. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka, amininka na Denver.