Wasiƙa zuwa Damagaram kan ƙofofin Fijon Kawu

Kaduna, daren Lahadi

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Hajiya, ya amarya da yara? Na san ka ƙullace ni kan shirun da na yi tun ƙaramar salla, a yi mini afuwa. Hotunan Fijon marigayi Kawu sun iso, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Ka tambaye ni launin fentin da ya dace da ita, zan zo kansa a wata wasiƙar. Amma akwai magana ɗaya a saƙonka da ta tsaya mini a rai: wai za ka kai ta wurin mai ɗinkin kujera ya ɓamɓare kwalayen ƙofa ya zubar, a kuma sa wa gilashin direba injin lantarki. Don girman Allah dakata. Kai da taya ma sai an taya ka canzawa, yau kai ne mai yanke hukunci a kan 504?

Ka san me ke hannunka kuwa? A 1968 aka fara fitar da ita a Faransa, can suka daina a 1983, amma kamfanin da ke nan Kakuri, wanda aka buɗe a 1975, ya ci gaba da haɗa ta har bayan shekara ta 2000. Tsawon nan ya sa kayanta ba duka ke shiga juna ba. Saboda haka duk abin da ka cire, ko kilif ne ƙwaya ɗaya, ka adana a gwangwani ka rubuta ƙofar da ya fito. Da shi za a je kasuwar Panteka ta nan Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano a gwada.

Ruwa ne ya ci ƙofofin nan, ba tsufa ba. Kowace ƙofa ruwa na shiga ta gefen gilas, ya gangara ciki, ya fita ta ƙananan ramuka da ke gindinta. Ƙurar garinku ta toshe ramukan, ruwa ya kwanta, kwali ya sha ya kumbura, ƙarfe ya yi tsatsa. In ka sa sabon kwali a haka, damina biyu ta ishe shi.

Fara da hannun ɗaga gilas. Duba tsakiyarsa: in akwai murfi, noti ne a ƙasa, in babu, danna kwalin ciki ka leƙa, za ka ga ɗan kilif kamar kofaton doki. Zura bakin tsumma tsakanin hannun da kwalin, ka ja hagu da dama, zai fito. Tare shi da tafin hannu, don tsalle yake yi ya ɓace. Sai madogarar hannu da hannun buɗe ƙofa. Kwalin kansa kilif ne ke riƙe da shi a zagaye. Naɗe bakin sukudireba mai faɗi da salatif, ka zura dab da kowane kilif ka ɗaga. In ka ɗaga a tsakanin biyu, kwalin ne zai yage ya bar kilif a ƙarfe.

Yanzu gilashin direba da ka ce yana ƙara ƙat-ƙat ya zame. Kafin ka kwance komai, zagaye kan notocin injin ɗaga gilashin da fensir, don ka mayar da su daidai inda suke. Yawanci sifana lamba 10 ce. Sauke gilashin har ka hango inda ya haɗu da injin, raba su, sannan ka yi gwajin da yawancin masu gyara ke tsallakewa: kama gilashin da hannu biyu ka ɗaga ka sauke. In ya yi tauri ba tare da injin ba, to hanyarsa ce ta lalace, wato robar nan mai gashi-gashi da yake bi a gefe biyu. Ta bushe, ta cika da yashi, mutum ya yi ta murɗa hannu da ƙarfi shekara da shekaru har haƙoran injin suka cinye. Ka ga ko na lantarkin ka sa, ƙonewa zai yi, ga huda ƙofa da jan waya a banza. Tura gilashin sama ka manne shi da salatif ta kan firam, ko ka karkata gabansa ƙasa ka zare shi gaba ɗaya ka jingine a kan bargo. Kada gefensa ya daki ƙarfe: irin wannan gilas ba tsagewa yake ba, marmashewa yake kamar tsakuwa.

Af, ka ji ɗan autan maƙwabcinmu na layin masallaci zai yi aure bayan babbar salla? Yarinyar 'yar Zariya ce. Tsohon ya ce in ba ka zo ba, kada ka ƙara cin tuwon gidansa. Mai shayin bakin tasha kuma ya koma sayar da fetur a galan, kullum sai ya tambaye ni kai.

To, injin. Zare shi ta babban ramin ƙofa, ka jiƙa shi a kananzir kwana ɗaya, ka goge da buroshin ƙarfe. Akwai sifirin a jikinsa, naɗaɗɗe kamar katantanwa, shi ke taya ka ɗaukar nauyin gilas. Yana da ƙarfi ƙwarai, kada yatsa ya shiga tsakanin hannun injin da haƙora. Duba haƙoran ɗaya bayan ɗaya. In biyu ko uku ne suka lashe, mai walda mai haƙuri zai cike su a gyara da magagari. In ƙaramar giyar da ke cikin akwatin hannu ce ta cinye, kada ka wahala, turo mini hoton in nemo na tsohuwar mota. Giris kaɗan a haƙora da inda ƙarfe ke zamewa kan ƙarfe. Robar gefe kuwa ko ɗigon mai kada ya taɓa ta, don da hunturu ya zo ƙura za ta manne ta zama kamar sanfefa. Sabuwa za a sa, haɗe da robar waje da ke share gilas. Ƙarfen da ke riƙe gindin gilas shi ma ka duba, nan tsatsa ke ɓuya.

Cikin ƙofar: share taɓon da ya bushe, buɗe ramukan gindi da waya, kankare tsatsa, ka shafa jan fentin hana tsatsa hannu biyu. Zuba ruwa buta ɗaya ka ga ya fito ƙasa. Daga nan ka yanka leda mai kauri ka manne ta ta rufe ramukan ƙofa duka, bakinta na ƙasa ya faɗa cikin ƙofar. Ita ce ke tsare kwali, kuma ita ce kowa ke yagewa ya ƙi mayarwa.

Sai a ƙarshe mai ɗinki. Katakon silin mai kaurin milimita 3 ya isa; wanda ya fi haka, hannun gilas ba zai kama ba. Tsohon kwalin ya zama ma'auni, amma tunda ya lanƙwashe, a gwada ramukan kilif a jikin ƙofar kafin a huda. A shafe sabon da fentin mai ciki da waje har gefuna. In ledar asali da ke lulluɓe da tsohon kwalin ba ta yage ba, a ɓare ta a hankali a mayar, domin zanenta ba ya samuwa yanzu. Soso siriri a ƙasa, gam irin na masu takalmi a fuska biyu, a bar shi minti goma ya daina kama yatsa sannan a haɗa. Wajen mayar da hannun gilas, rufe gilashin tukuna, ka sa hannun dama da na hagu su kalli wuri ɗaya, inda ba za su tokare gwiwa ba.

Ƙofa ɗaya za ka gama kafin ka taɓa ta biyu, don in ka rikice ka leƙa wadda ba a kwance ba. Fara da ta baya ta hagu, ita ce na ga ta fi lafiya a hoto.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce mata kilishin ya iso. Ina jiran hoton haƙoran injin nan kafin Juma'a, ranar Asabar zan shiga Panteka.

Naka har kullum,
amininka na Kaduna